Ruwan Tukunyar Inna

Tukunyar tana nan har yau a ƙarƙashin gadona. Baƙa ce, 'yar madaidaiciya, hannu ɗaya ya isa ya rungume ta, bakinta ya ɗan ɓantare ta gefe guda. Jikokina sun sha cewa in jefar da ita, ga robobi masu murfi sun cika gari. Nakan ce su bar ta inda take. A kan tukunyar nan aka ɓata sunan uwata, a kanta kuma na karɓo shi. Ni ban iya ƙawata zance ba. Yadda abin ya zo haka zan ajiye shi, mai ɗauka ya ɗauka.

Uwata, wadda nake kira Inna, sana'a biyu gare ta a Kazaure, tun muna ƙarƙashin Kano ba a yanke mana Jigawa ba. Ɗaya ta duniya, ɗaya ta lahira. Ta duniya ita ce suyar kifi a bakin kasuwa, wadda ta kama bayan rasuwar mahaifina. Ta lahira kuwa wankan gawa. In mace ta rasu a unguwarmu, ko a unguwannin da ke jingine da dutse, ita ake aikowa. Ko goro ba ta karɓa. Ta je, ta dawo, ta yi wanka, ta yi shiru. Ban taɓa jin ta faɗi abin da ta gani a jikin wata ba, ko tabo ko ƙurji.

Masunta sukan hauro daga dam da hantsi, da karfasa da tarwaɗa, wata rana har da ragon ruwa. Mata masu suya muna da yawa a layin, kasko na kallon kasko. Kowace sai ta feɗe kifinta, ta wanke, ta barbaɗa gishiri, ta jefa shi a mai tsirara. Kifi tsirara kuwa mashayin mai ne. Ya sha ya ƙoshi, fatarsa ta manne a kasko, wajen juyawa ya farfashe. Kafin la'asar ya yi laushi kamar tsumma, ya kwana ɗaya ya fara hamami.

Inna ba ta jefa kifi tsirara. Sai ta sa masa riga, haka take cewa. A wurin tata uwar ta koya, can wajen Gwiwa. Akwai wata Bafulatana mai tallan nono da ke kawo mata ƙaro a ƙulle a bakin zane, ƙaron ɗakwara, fari mai ɗan ruwan zuma, wanda in ka ɗaga shi a rana kana hango yatsanka ta ciki. Da yamma Inna takan jiƙa shi a tukunyar nan ya kwana ya narke. Da safe ta tace da ƙyalle, ta ɗebo garin busasshiyar kuɓewa da yatsu uku, ba ƙari, ta sa gishiri da citta da masoro. Ruwan yakan yi ɗan santsi, ba kauri ba. A ciki take tsoma kifi, ta jera shi a faifai a inuwa, ta jira. Jiran nan shi ne rabin aikin. Sai sheƙin ruwan ya tafi, in ka taɓa fatar ta ɗan kama yatsa, sannan ya shiga mai.

Kifin yakan fito ja-ja-zur, fatar na ƙaras-ƙaras, tsokar ciki fara da danshinta. Ba ya shan mai, ba ya mannewa, man kaskonta kuma ba ya yin baƙi da wuri. Direbobin da ke lodi zuwa Babura sukan saya su kai gida, ya kwana biyu yana nan kamar yanzu aka tsame. Tukunyar kullum a rufe take da faifai da ɗan dutse a kai, saboda ƙuda da ƙura. Ba don komai ba.

Kaskon da ke gefen namu na wata mata ce mai wushirya. Ta girme ni nesa, amma Inna ta girme ta, don haka Yaya take ce wa Inna, ni kuma ina ce mata Gwaggo. Mace ce mai baki. In ta yi magana layi duka sai ya yi dariya, ita kuma dariyar nan ita ce abincinta. Abin da ba ta iya haɗiyewa shi ne ta ga mutum ya tsaya a gabanta, ya shaƙi ƙamshi, ya wuce wurin Inna.

A lokacin akwai wata magana da ke yawo a garuruwa, wai wasu masu sayar da abinci suna neman ruwan da aka wanke gawa su zuba a girki, wai duk wanda ya ci ba ya ƙara iya wuce rumfarsu. Kowa ya ji maganar, ba wanda ya taɓa gani.

Ran nan wata mai jego ta rasu a unguwarmu. Inna ta je ta yi mata wanka da sassafe, ta dawo gida ta yi nata, ta canja zane, ta ɗauki tukunya, ni na ɗauki kasko, muka isa kasuwa a makare.

"Yaya, sannu da lada," in ji mai wushirya. "Daga gidan gawa sai bakin kasko."

"Mai rai ai sai ya ci," in ji Inna, tana hura wuta.

"Haka ne. Ita ma tukunyar ta je gaisuwa ne? Kullum a lulluɓe kamar amarya."

Mata suka yi dariya. Ni ma na yi, ina yarinya. Sai mai wushirya ta juya kifinta, ta ce, kamar da kasko take magana, "Allah dai ya sa ruwan ba ɗaya ba ne."

Dariyar ta yanke. Wata da ke riƙe da kifin Inna a hannu ta dube shi, ta mayar kan faifai.

Magana zarar bunu ce. Kafin kasuwa ta sake ci ta kai tasha, ta kai bakin dam, ta kai rijiya. Da Inna ta ga abin ya wuce wasa, sai ta kira babbar layinmu, wata dattijuwa da ke raba mana faɗa, ta ɗaga faifai daga kan tukunya a gaban kowa. Ta ce ƙaro ne da kuɓewa, ga shi, mai so ya shinshina.

"In ƙaro ne, ai ba gadon gidan kowa ba ne," in ji mai wushirya. "Gobe zan yi nawa, kowa ya gani."

Ta je wurin mai koli ta ce a ba ta ƙaro. Shi kuwa ƙaron da yake ajiyewa na malamai ne, wanda ake sa wa tawada, ƙaron bagaruwa, ja mai duhu, duk ɓawon itace a jiki. Ga wanda bai sani ba ƙaro ƙaro ne. Ta jiƙa shi, ta zabga kuɓewa kamar za ta kaɗa miyar gidan biki, ta tsoma karfasa, ta tsamo yana ɗiga ta jefa a tafasasshen mai. Mai ya yi tsalle, ya yi kumfa, ya malalo cikin murhu wuta ta tashi. Da aka tsame kifin baƙi ne ƙirin, ga bauri, ga ɗaci.

Ta jera shi a faifai, ta ɗauka a ka, ta bi kasuwa rumfa rumfa. "Ga ƙaro da kuɓewa, jama'a. Ku ɗanɗana. Abin da ta ce shi na sa. To nata me ta ƙara?"

Ni na ga jan ƙaron da idona, na ga ba ta jira ba. Na buɗe baki zan faɗa, Inna ta damƙe wuyan hannuna.

"Inna, ai na tawada ta saya."

"Na gani."

"To ku faɗa musu."

"Na buɗe tukunya sau ɗaya," in ji ta. "In na sake, gobe zanina za su ce in buɗe. Wanda ya riga ya yarda, ko a gabansa na jiƙa, cewa zai yi a gida na ƙara."

Daga nan kasuwa ta fara janye jiki. Direbobi suka koma wuce mu suna kallon gefe. Mukan koma gida da kifi, mu ci, mu ba maƙwabta, wasu su karɓa da hannu biyu mu tsinci kifin a juji. Duk wannan Inna ta shanye. Ta ce arziki na Allah ne, ta rage yawan abin da take sara.

Abin da ba ta shanye ba ya zo da damina. Wata tsohuwa ta rasu, ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, kuma ta sha cewa in ta mutu kada kowa ya taɓa ta sai Inna. Ba a aiko ba. Inna ta ce ruɗewa ce ta sa suka manta, ta yafa mayafi ta tafi, ina biye da ita. A bakin zaure surukar gidan ta tare mu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Iya, an riga an samu mai yi. Ku shiga ku zauna da mata. Sai dai in za ku shiga, ku bar butar a nan."

Butar alwalarta ce a hannunta. Inna ta dubi butar, ta dubi matar, ta ce Allah ya jiƙan musulmi, muka juya. Da muka isa gida ta zauna a bakin ƙofar ɗaki da mayafinta, har aka kira azahar ba ta cire ba.

Ba zan ce maganar ce ta kashe ta ba, Allah ke kashewa. Amma na san abin da ya kwantar da ita. Kafin a yanke gero ta rasu. Matar da ta wanke rabin matan da ke maƙabartar garin, aka rasa mai shiga ɗakinta. Kowace tana da uzuri. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda idonta ya riga ya tafi, ita ta zauna a kan tabarma tana gaya mini, fara da dama, rufe nan, zuba a hankali. Da hannuna na wanke uwata ban kai aure ba.

Ranar uku mai wushirya ta zo gaisuwa. Ta zauna a tsakiyar mata, ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya yafe wa Yaya abin da muka sani da wanda ba mu sani ba." Mata suka ce amin. Addu'a ce, ba mai iya cewa ba addu'a ba ce. Amma na ga inda idonta ya je lokacin da take faɗa. Kan tukunyar ya je, tana jingine a gindin rumbu.

Na ce amin tare da su. Na tashi na ɗauki tukunyar na shigar ɗaki. A ranar na ƙulla abin da na ƙulla, ban gaya wa kowa ba.

Aure ya kai ni Roni. Mijina mutumin kirki ne, manomi, bai hana ni sana'a ba. A cikin gida nake suya, masu sari suna zuwa bakin ƙofa su kai kasuwannin ƙauye. Can ma da aka ji na taɓa wankan gawa aka fara aikowa, ban taɓa ƙi ba. Na haihu, na yaye, na aurar. Duk shekarun nan in na jiƙa ƙaro da yamma sai na tuna wushiryar nan. In wani ya zo daga Kazaure nakan tambayi dangi ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe in ce, Gwaggo mai kifi fa, tana nan? In aka ce tana nan lafiya, sai in ce alhamdu lillahi. Suna ɗauka zumunci ne. Tsorona ɗaya ne, kada ta riga ni.

Da mijina ya rasu na gama takaba, 'ya'yana suka ce in zauna su ci da ni. Na ce ina da sauran aiki a Kazaure. Lokacin an yanke Jigawa, gari ya buɗe, ga ma'aikata ga 'yan makaranta. Na koma da furfura a kaina, na kafa murhuna daidai gaban nata, hanya ce kawai a tsakaninmu.

Ta tsufa, wushiryar ta faɗaɗa don haƙoran gefe sun zube. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta.

"Gwaggo, mun same ku lafiya?"

Ta daɗe tana kallona. Sai ta kalli abin da ke gefena a rufe da faifai.

"'Yar Yaya ce? Ashe tukunyar ba ta fashe ba."

"Tana jiran ku, Gwaggo."

Baƙin gari ba su san tsohon zance ba, harshensu kawai suka sani, suka yi layi a gabana. Man gyaɗa kuma ya yi tsada a shekarun, kaskonta na sha kamar rairayi, nawa na lasa. Amma ba ciniki na dawo nema ba. Sunan yana nan. In na wuce rijiya nakan ji wata tsohuwa na gaya wa jikarta a hankali, 'yar mai ruwan gawa ce. Waɗanda aka haifa bayan Inna ta zama ƙasa, da wannan sunan suka san ta.

Kowace ranar kasuwa nakan zaɓi karfasa mafi kyau cikin waɗanda na fara tsamewa, in ɗora a faifai, in tsallaka hanya da kaina. "Gwaggo, ga ɗanɗano." Ba ta iya ci, don in ta ci ta ƙaryata kanta. Ba ta iya mayarwa, don ba a mayar da kyautar 'ya a gaban mutane. Sai ta ce an gode, ta tura shi bayan kujera. Magen kasuwa ta yi ƙiba a shekarun nan.

Tana da jika mace da ta riƙe tun uwar yarinyar ta rasu. Yarinya mai hankali, ita ke kama mata aiki. Ita ce ta fara hana mage kifin da nake kaiwa. Na gan ta tana ci a fili tana lashe yatsa, kakar na zungurinta da matsami.

Yarinyar nan ta samu miji a Babura, ɗan gidan masu hatsi, suna son juna. Aka sa biki a tsakiyar damina, lokacin da ko gishiri jiƙewa yake a ɗaki. Uwar ango ta aiko da wasa cewa tunda kakar amarya mai kifi ce a Kazaure, ita ba ruwanta da alkaki da nakiya, kifi take jira a cikin gara. Ta ce har ta yi wa 'yan'uwanta da ke tsallaken iyaka alkawari, za a raba a aika musu. Wasa ne, amma irin wasan da in ba a cika ba yake zama gori har amarya ta yi jikoki. Kifin mai wushirya kuwa, a wannan danshi, kafin a sauke shi a Babura ya fara magana.

Wata safiya ina tace ƙaro na ji sallama. Ita ce, da sanda. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi 'ya'yana ɗaya ɗaya.

"'Yar nan," in ji ta a ƙarshe, "kin san abin da ke tafe da ni."

"Ban sani ba, Gwaggo, sai kun faɗa."

"Kifin garar yarinyar nan. Ki soya mana. Ba sai an san daga inda ya fito ba."

"Kifin ruwan gawa za ku kai wa surukai?"

Ta yi 'yar dariya. "Haba, zancen ƙuruciya. Wasa ne ya yi tsawo. Abin da ya wuce ai ya wuce."

"Ya wuce ta kanku. Ta kanmu ya tsaya."

"Marainiya ce. Ba ta yi miki komai ba."

"Ni ma marainiya ce ranar da kuka zo gaisuwa."

Ta juya sandarta a hannu. Na ce mata ba zan soya ba, ita za ta soya da hannunta, kifi mai riga, wanda zai kai Babura ya wuce. Zan koya mata tun daga jiƙo har tsamewa. Amma a kasuwa, a gaban layi, kuma duk abin da na tambaya ta amsa. Ta ce in ji tsoron Allah, ta haife ni. Na ce ƙofa a buɗe take. Ta tashi ta tafi. Bayan kwana biyu jikar ta zo ta ce kakarta ta yarda.

Ana gobe kasuwa, da la'asar, na tara matan layi, na aika aka kira tsofaffin da suka rage daga wancan zamani, har da surukar nan da ta tare Inna a zaure, ita ma ta zama tsohuwa. Na zuba ƙaro iri biyu a faifai, fari a gefe, ja a gefe.

"Gwaggo, wanne kuka saya a wancan lokaci?"

"Wa zai tuna?"

"Ni na tuna. Ku nuna."

Ta nuna jan. Na ce wata ta ɗauka ta tauna. Ta tauna ta tofar, ta ce wannan ai na tawada ne. Na miƙa wa mai wushirya tukunyar Inna na ce ta wanke da kanta, ta ɗebo ruwa da kanta, ta zuba farin da hannunta. Ta yi. Na rufe da faifai na ɗora dutse.

"A ɗakinku za ta kwana," na ce. "Kada gobe a ce a gida na ƙara."

Jikar ta ɗauka a ka, suka tafi. Tun da Inna ta bar ta, ranar ce kaɗai tukunyar ta kwana a wani ɗaki ba nawa ba.

Da kasuwa ta cika suka dawo da ita. Mai wushirya ta tace. Ta kai hannu za ta dumbuzi kuɓewa na ce yatsu uku. Ta tsoma kifi, ta ɗago za ta nufi kasko, na riƙe hannunta, daidai inda Inna ta riƙe nawa.

"A nan kuka ɓata a da. Ku jera a inuwa, ku jira."

Muka jira. Mutane suna ƙaruwa, masunta sun tsaya da kwandunansu, 'yan tasha sun leƙo. Ita tana zaune tana kallon ƙasa, tana ta taɓa kifin. Nakan ce da saura. Gaskiya ya yi tun ɗazu, na dai bar ta ta ƙara zama. Da ya shiga mai bai yi tsalle ba, ya kwanta yana 'yar ƙara a hankali. Ta juya, bai manne ba. Ta tsame shi ja-ja-zur. Wata ta ɓalli wutsiya, aka ji ƙaras har bayan layi.

Ta fara tattara zane za ta tashi. Na ɗauki ludayi na cika shi daga tukunyar.

"Saura abu ɗaya, Gwaggo. Ku sha."

Ruwa ne mai santsi da gishiri, an tsoma ɗanyen kifi a ciki, yana ƙarni. Ta dube shi ta dube ni.

"Iya, don Allah ya isa," in ji jikar, idonta ya kawo ruwa.

"'Yata, koma gefe. Ranar da aka ce uwata ta bar buta a zaure ba wanda ya ce ya isa."

Mai wushirya ta karɓa, ta kafa kai ta sha. Ya zubo ta wushiryar ya gangaro haɓa.

"Me ke ciki?"

"Ƙaro ne da kuɓewa."

"Ban ji ba. Inna ma tana da nisa, maƙabarta a bayan gari take."

Ta ɗaga murya. "Ƙaro ne da kuɓewa."

"A wancan lokaci me ke ciki?"

"Shi ne."

"To me kuka yi wa Inna?"

Kasuwa ta yi tsit a wajenmu, sai ƙarar mai. Sannan ta ce, "Ƙazafi na yi wa Yaya. Ban taɓa ganin komai ba."

Na juya na dubi tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya. Surukar zaure ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce su kai maganar rijiya, yadda suka kai waccan.

Daga baya mata sun same ni sun ce zuciyata dutse ce, tsohuwa mai sanda, a ce an yi mata haka a kasuwa. Suka ce tunda ta faɗa, in yafe. Na ce haƙƙin ba nawa ba ne da zan yafe. Mai shi tana ƙasa, su je su tambaye ta.

Kifin garar kuwa na tsaya a kansa har aka gama, ban bar ko ɗaya ya shiga mai tsirara ba. Ya kai Babura, aka raba, aka aika tsallake. Yarinyar ta zauna lafiya a ɗakinta. Har yau in ta zo gari takan kawo mini wake.

Mai wushirya ba ta ƙara fitowa kasuwa ba. Ta yi 'yan shekaru a ɗaki, ta rasu da rani. Da hantsi na ji sallama, jikar ce, da goyo a bayanta. Ta durƙusa ta ce masu wankan gawa sun yi nisa, kuma kowa ya ce ni ce na iya. Ta ce in na ƙi ba za ta ga laifina ba.

Na ɗauki butar Inna na bi ta. Ba wanda ya tare ni a zaure.

Na sa aka haƙa rami a makewayi. Na wanke ta yadda aka koya mini, na fara da dama, na rufe abin rufewa, na zuba a hankali. Ban gaggauta ba, ban murɗe mata ko yatsa ba. Abin da na gani a jikinta ba zan faɗa ba, ba a gidanmu aka saba ba. Da na gama aka naɗe ta, maza suna jira a waje, sai na leƙa tsakar gida na kira matan da ke zaune.

"Ku taso ku gani."

Suka taso suna kallon juna. Na nuna musu ramin, ruwan na tsotsewa a ƙasa. Na kife ƙwaryar a gabansu. Na juye butar har ɗigon ƙarshe. Na tura ƙasa da ƙafata na rufe ramin, na taka.

"Nan yake zuwa," na ce. "Nan na Inna ma yake zuwa. Ku duba da kyau, kada wata ta ce ba ta gani ba."



Na koma gida na yi wanka, na canja zane, na ɗauki tukunya na isa kasuwa a makare. Na hura wuta, na jera karfasa a inuwa. Da la'asar sai ga mutanen gidan rasuwar sun aiko a sayo wa baƙin Babura kifi, suka ce na gidan Inna ake so. Na tsame musu mai zafi. Tukunyar tana gefena a rufe da faifai, da ɗan dutsenta a kai, kuma ba wanda ya tambayi abin da ke ciki.